Guɗar Goggo

Ni fa shirun unguwar nan ne yake neman ya zautar da ni. Tun da 'yata Auta ta kwaso ni daga tsohon gidanmu ta kawo ni nan Pleasant Garden, wai don kada in zauna ni kaɗai bayan rasuwar babansu, ban ƙara jin wani sauti mai rai ya ratso ta taga ba. Gidaje ga su nan manya-manya, kowanne ya ja gefe kamar masu gaba da juna, an aske ciyawa tas, amma sai ka wuni a baranda ba ka ga ɗan Adam a ƙafa ba. Mota ta zo, ƙofar gareji ta ɗaga da kanta, ta haɗiye motar da mai ita, ta rufe. Shi ke nan fa, an dawo daga aiki. Ba sallama, ba sannu da gida, ba ko kukan yaro. In na gaji da zama sai in tashi in zaga gidan, in dawo in zauna, in sake tashi. Jikokina har ƙarata suke kaiwa wurin uwarsu da Turanci, wai Kaka ta cika zirga-zirga. To in yi yaya? Ni ban saba da zaman da ba a jin motsin kowa ba.

A 'yan kwanakin nan kuwa zirga-zirgar ƙaruwa ta yi, tun da ɗan Goggo ya kira ni a waya. Goggo tsohuwar maƙwabciyata ce a gabashin birnin Greensboro, nan Amurka, baƙar fatar ƙasar nan, malamar firamare a zamaninta. Ita ta riƙe ni lokacin da na zo garin nan ina sabon aure, ban san kowa ba. Ta kusa sa'ar uwata, don haka bakina bai taɓa iya kama sunanta ba. Na laƙaba mata Goggo, ta tambayi ma'anarsa, na ce 'yar'uwar uba, ta ce ta karɓa hannu biyu. Ɗan nata ya ce jikin ya yi nisa a gidan kula da tsofaffin da take, ta daina magana, ta daina gane mutane, likita ya ce a fara shiri. Na yi salati. Sai ya ƙara da cewa, "Sista, kin dai tuna alkawarin da kika yi mata ko? Ta faɗa mana tun tana da lafiya, har fasto ta faɗa wa. Ta ce ranar da za a fito da akwatinta daga coci, ke za ki raka ta da wannan kiran naki na murna."

Guɗa yake nufi. Na ajiye wayar.

A wurinmu ba a yi wa gawa guɗa. Guɗa ta amarya ce, ta mai jego ce, ta yaron da ya sauke Alƙur'ani, ta matafiyin da aka fid da rai da shi sai ga shi ya dawo. In gawa tana kwance, ko kuka ka ɗaga murya sai an ce ka yi haƙuri ka yi mata addu'a. Yanzu ni, da furfurata, na je Makka na dawo, in tsaya a kan mamaci in kama hanci? Wallahi ko a mafarki ban ga kaina ba. To amma kuma matar da ta yi mini abin da dangi ba su yi ba, abu guda ta taɓa roƙona a duniya, in bari ta tafi ban ba ta ba? Abin da ya hana ni zama ke nan, ya hana ni cin abincin kirki.

Guɗar nan gadonta na yi. Kakata ta wajen uwa ita ce maguɗiyar ƙauyenmu, can ƙasar Katsina. Ba a ɗaura aure ko a raɗa suna ba a aiko mata da goro ba. A gindin turmi na koya, muna lugude ni da 'yan'uwana, ita tana zaune tana sheƙar dawa tana yi mana dariya in mun gwada. Takan ce mini, "Ke 'yar nan, sakar wa hancin nan mara haka. Ba daga nan take fitowa ba, daga ciki take tasowa. In babu murna a cikinki, ko kin matse shi har ya yi jini, kukan akuya za ki yi." Na iya kuwa, har aka fara cewa na kusa kamo ta. Sai aure ya ɗauko ni ya tsallaka da ni teku, domin Malam, maigidana, ya sami gurbin karatun aikin gona a jami'ar baƙaƙen fata da ke garin nan.

Wani ɗan gidan katako muka kama haya kusa da jami'ar. Malam ya fita aji da safe, da yamma ya wuce wankin kwanoni a wani gidan abinci. Ni kuwa ina ciki kamar an kulle kaza a akurki, ba Turanci, ba wanda zan ce wa ina kwana. Sai na wuni bakina bai buɗe ba in ban da salla. Amma unguwar, kai, unguwar tana da baki! Da asuba jiniyar masaƙa ta tashi kowa. Jirgin ƙasa ya ratsa gari yana kuka, kwanonin kicin su yi ta rawa. Ƙofofin raga suna ta bugawa, yara na shiga suna fita. Mata suna shanya a igiya suna hira ta saman shinge, rediyon mai aski yana ta surutu har titi, magariba na yi kowace uwa ta fito baranda ta kwaɗa wa ɗanta kira da cikakken sunansa. Abin da ya fi shiga raina shi ne la'asar, lokacin da 'yan badujalar jami'a suke gwaji. Gangunansu har cikin ƙirjina nake jin su. Ina wanki a baho sai in tarar hannuna ya bi kiɗan ban sani ba.

Ta saman shingen nan Goggo ta fara miƙo mini kwanon dafaffen ganye. Na shinshina, na ji abin da ba ma ci, na rasa yadda zan yi, na tsaya riƙe da kwano ina murmushin dole. Da Malam ya yi mata bayani ba ta ji haushi ba ko kaɗan. Tun daga ranar ta koma dafa ganyenta da ƙafar talo-talo, har mijinta yana mita wai an canza masa addini a tukunya.

Ran nan, lokacin da ganyen itatuwa yake yin ja yana zuba, ta shigo ta tsaya a kan Malam hannu a ƙugu. Ta ce, "Yarinyar nan ruɓewa za ta yi a ɗaki. Asabar tsofaffin ɗalibai za su dawo, akwai wasa, ɗana yana cikin masu ganga. Ku shirya." Malam ya fara kame-kamen karatu, ta ce karatun ba zai gudu ba.

Tabɗi! Ban taɓa zaton akwai ranar Salla a ƙasar nan ba sai ranar. Mata da huluna masu fuka-fukai, maza da kwat da takalma suna ƙyalli, hayaƙin gashi ya rufe titi, ana ta soya kifi a bakin hanya. Masu shaguna duk sun rufe, mai aski ma ya bar wani da rabin kai ya ce ya dawo Litinin. Tsofaffi suna rungumar juna suna kuka suna dariya. Wasan kansa ban gane shi ba, kuma har yau ban gane shi ba: ƙatti sun kifa ƙoƙon ƙarfe a ka suna karo kamar raguna, a kan wata ƙwallo mai kama da gwanda. Amma ganga na gane ta. Na kuma gane cewa namu ne ake ci, don na ga fuskar Goggo ta ɗaure, tana ta murɗa hankicinta. Ana dab da tashi sai wani siririn ɗan wasa ya cafe ƙwallon ya rungume, ya zura da gudu. Filin wasan nan kaf ya miƙe. Benen ƙarfen da muke kai ya dinga girgiza a ƙarƙashin ƙafata, gangunan suka barke gaba ɗaya, Goggo tana dukan bayana ba ta ma sani ba. Ni dai ban yi shawara da kowa ba. Hannuna ne ya tafi hancina da kansa, na ji abin ya taso tun daga cibiya, na rangaɗa ta.

Ayyiririiii!

Ta keta ihun nan duka ta fita ta sama. Jama'ar da ke kewaye da mu suka waiwayo baki buɗe. Malam ya sunkuyar da kai, da ƙasa za ta tsage da ya shige. Na rufe fuska da mayafi, na ce yau na jawo wa kaina. Sai na ji Goggo ta damƙi kafaɗuna tana jijjiga ni, tana cewa, "Sake yi! Sake yi!" Na sake. Ɗanta daga can cikin masu ganga ya juyo ya amsa mini da kiɗa, sauran suka bi shi. Goggo ta ɗaga hannuna sama tana gaya wa duk mai kunne, "Ku ji mini yarinya! Wannan tana da sifirit!"

A hanyar gida ina ta jiran faɗa. Sai da muka kusa ƙofa Malam ya ce, "Ashe da wannan muryar nake zaune a gida ban sani ba?" Ya fashe da dariya. "Amma don Allah kada labarin nan ya je gida."

Na tambaye shi abin da Goggo ta ce ina da shi. Ya ce ruhi. Sai kuma ya ce a'a, karsashi. Ya sake cewa ko kishi ne. Daga ƙarshe ya ce, "Ke dai zuba ido, mutanen nan komai nasu da shi suke yi." Na kuwa zuba, na ga kowa da inda yake ajiye nasa.

A ajin Goggo, abin da sifirit yake nufi shi ne yaro ya goge takalminsa, ya tsaya a miƙe, ya faɗi sunansa da ƙarfi, ya dubi mutum tsakiyar ido. Nan muka taɓa samun saɓani da ita, don da 'ya'yana suka shiga hannunta sai suka dawo gida suna zuba mini ido ƙir in ina musu faɗa. Na je na same ta na ce, "Goggo, a wurinmu wannan rashin kunya ne." Ta cire tabarau ta ce, "'Yata, iyayenmu dole aka yi musu su dubi ƙasa in farar fata yana musu magana. Duk yaron da ya bi ta ajina ba zai dubi ƙasa ba. A gida ki koya musu naku, ni a nan zan koya musu nawa." Na dawo gida. Haka suka tashi, su durƙusa su gaishe ni, su fita waje kai a sama.

A masaƙar yadin jins inda na yi aiki daga baya, manaja yakan tara mu ran Litinin ya hau kan akwaku, ya ce mu duka dangi ɗaya ne, mai sifirit ba ya duban agogo. A bakinsa saurin hannu yake nufi, ba wani abu ba. Ya ji labarina, a walimar ƙarshen shekara ya ce in yi musu wannan abin. Na kama hanci don kada in ba shi kunya. Wallahi yadda kakata ta faɗa haka aka yi, kukan akuya sak. Na gaskiyar yana can tsakaninmu mata, a cikin ƙarar injuna da ƙurar auduga: in ɗan wata ba shi da lafiya, ba mai cewa komai, sai ki ga kowa ta ja kaɗan daga tulin aikinta har ya ƙare. Da aka kwashe injunan aka kai wata ƙasa, dangin manaja watsewa suka yi, amma mu matan mun daɗe muna zuwa sunan jikokin juna.

Ranar zaɓe kuwa Goggo ba ta zama. Wata doguwar mota gare ta kamar kwale-kwale, tun safe take jigilar tsofaffi zuwa rumfar zaɓe. Ni lokacin ba ni da ƙuri'a, aikina suyar kifi da riƙon jarirai a zauren da ke ƙarƙashin cocinsu, inda ake sauke mutane su huta. Ba na manta wani tsoho mai sanda, cikin kwat ɗin da ta yi masa yawa. Ya dawo daga jefa ƙuri'a, ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, hawaye suna bin gemunsa. Goggo ta raɗa mini cewa ubansa har ya mutu ba a taɓa barinsa ya jefa ba, don baƙar fata ne. Ban jira an roƙe ni ba. Da ludayin suya a hannu na yi masa guɗa, irin wadda ake yi wa ango. Ya ɗago ya dube ni, ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama.

To yanzu fa? Kalmar sifirit tana nan, har ta fi da yawa a baki. Jikokina suna da mako guda a makaranta da sunanta, yau su tafi da kayan barci, gobe da safa kowace ƙafa da launinta. Na ce da uwarsu, wannan kuma wace irin hauka ce? Ta ce, "Mama, fon ne kawai, don nishaɗi." A filin wasa kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar abin da bai tsaya ya kalla ba. Ƙuri'a a ambulan ake aika ta, zagin juna kuma a waya, maƙwabci ya kafa allon jam'iyyarsa a ciyawarsa, na kusa da shi ya kafa kishiyarsa, shi ke nan an daina gaisawa. Ranar da babban jikana ya gama sakandare, sanarwa aka yi kada wanda ya yi motsi sai an gama kiran suna. Na zauna na danne hannuna a ƙarƙashin mayafi kamar mai laifi. Abin da ya fi ƙona mini rai, bikin 'yar wata ƙawata da aka yi a wani zaure kwanan baya: amarya na shigowa sai mai kiɗa ya danna maɓalli, guɗa ta fito daga lasifika. Daga inji! Ga mu nan tsofaffi a zaune, ba wadda aka ce wa tashi. Ban ce zamanin da ba shi da nasa ciwon ba, yana da shi, Goggo ta fi ni sani. Amma a lokacin in abu ya taɓa mutum, da jikinsa yake zuwa.

Ni kaina rabona da guɗa tun kafin rasuwar Malam. A zaman makokinsa ne ma maganar nan ta samo asali. Goggo ta zo da ɗankwali a ka, ta zauna a ƙasa cikin mata duk da ciwon gwiwarta, ta ƙi kujera. Da aka watse ta ce, "Mutumin kirki irin wannan, ba ki yi masa kiran nan naki ba?" Na ce ba a yi wa mamaci. Ta jinjina kai ta ce, "Mu a wurinmu in tsoho ya tafi, gida ya koma, da waƙa ake raka shi. Ni dai in tawa ta zo, ki yi mini." Na ce, "To, Goggo." Kowa a gida ya san irin wannan amsar. Ba a duban babba a ce masa a'a, sai a amsa don kara, a bar maganar ta bi iska. Ita kuwa ba ta san wannan ba. Ta ɗauka ta adana, shekara da shekaru.

Da Auta ta gaji da ganina ina kaiwa da komowa tsakanin kicin da baranda, sai ta tare ni. Ta ce, "Mama, don Allah ki zauna, kina sa ni jiri. Ki kira shi kawai ki ce addininki bai yarda ba. Nan Amurka ce, za su gane."

Na ce, "Su za su gane. Ita fa?"

Ta ce, "Haba Mama, ita ai lokacin ba ji za ta yi ba."

Na tsaya cak. Na dubi yarinyar nan, na ce, "Me kika ce?"

"Na ce ba za ta ji ba."

Na ce, "Ɗauko makullin mota."

A hanya tana ta magiya. "Mama, wurin marasa lafiya ne fa. Za su kira sikiyoriti, wallahi ni kunya zan ji." Na ce ta ji, ba a kanta aka fara ba, babanta ma ya ji tasa.

Muka tarar da ɗan Goggo a bakin gado, shi ma kansa ya yi fari fat. Goggo kuwa, wayyo, matar da take cika ƙofa in ta tsaya, ta koma 'yar mitsitsiya a cikin bargo, ido a rufe, hannuwan nan da suka riƙe alli sun zama kamar ƙirare. Na ce, "Goggo, sannu da jiki," da Hausa, yadda na saba gaishe ta. Ko gezau.

Na juya wurin ɗanta na ce, "Ɗan'uwana, gaskiya zan faɗa maka. A coci ba zan iya ba. Zan zo, zan zauna tare da ku har a gama, amma bakina a rufe. Mu masu rai muke yi wa abin nan. Tana da rai. Ka bar ni in ba ta kayanta yanzu."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya tashi ya buɗe labulen taga, rana ta shigo, ya ce, "Bismilla," yadda ya ji Malam yana faɗa.

Na gyara mayafi, na kama hanci, na ja numfashi. Abin da ya fito, ni kaina sai da na ji kunya: wani ɗan ƙiƙi-ƙiƙi, busasshe, ya maƙale a wuya. Na sake gwadawa, haka. Ina murna za ta fito a cikin da ya cika da kuka? Hawaye suka zubo mini, na ce a raina shi ke nan, na zo a makare, muryar ma ta tafi ta bar ni. Auta ta kamo hannuna tana cewa, "Mama, ya isa, mu tafi."

Sai na ji ƙwas, ƙwas-ƙwas, ƙwas. Ɗan Goggo ne yake buga ƙarfen gadon da 'yan yatsunsa masu rawar tsufa. Kiɗan nan ne, na la'asar, wanda nake wanki da shi. Ya ƙara ƙarfi, ya haɗa da tafin hannu a kan teburin abinci. Na rufe ido. Na ji benen ƙarfe yana girgiza a ƙarƙashin ƙafata, na ji ƙamshin kifi, na ga hulunan nan, na ga Malam da ƙuruciyarsa yana ɓoye fuska, na ji hannun matar nan yana dukan bayana. Ikon Allah, ashe murnar tana nan, ba ta je ko'ina ba. Ta taso tun daga cibiya.

Ayyiririiiii!

Gilashin taga sai da ya amsa. Na ji gudun nas-nas a baranda, wani tsoho a keken guragu ya leƙo yana tafi. Ban kula kowa ba, don idon Goggo ya buɗe. Ba mu take duba ba, can wani wuri take hange, sama da kawunanmu. Leɓenta ya motsa. Muka sunkuya ni da ɗanta har kawunanmu suna karo.

Ta ce, "Wa ya ci?"

Na ce, "Mu, Goggo. Mu muka ci."

Yatsunta suka lalubo gefen mayafina suka riƙe.

Ta ce, "Sake yi."

Na share fuskata, na gyara tsayuwa, na sake kama hancina.